Ƙafa Huɗu Da Suka Wuce Doka

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa na cika yabon kaina, wai a duk abin da nake ba ku ni ce kullum mai gaskiya. To 'yar uwa, gyara zama, yau ranarki ce. Abin da zan faɗa yau, har yanzu idan na tuna shi sai na ji kunya ta lulluɓe ni.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Surayya, 'yar Malam Badamasi mai walda a Kura. Babana ba mai waldar ƙofa da taga ba ne, bodin manyan motoci yake ƙerawa a garejinsa da ke bakin titin Kano zuwa Zariya. Daga Kura har Bunkure, duk mai motar da ke kai tumatir da albasa kudu ya san shi, kuma ya san halinsa. Ko za ka kwana kana roƙonsa, ba zai ƙara wa bodi inci ɗaya a kan abin da doka ta yarda ba. Yakan ce motar da tsawonta ya wuce ƙa'ida, idan ta zo kwana sai kanta ya wuce lafiya, wutsiyarta kuma ta share mai babur ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu suna cewa taurin kai ne da shi, amma gobe sai ka gan su sun dawo da aikinsu.

Hasken walda ya ci idon Baba tun ina aji huɗu a sakandare. Yana ganin ƙarfe, yana ganin mutum, amma ƙananan lambobi da rubutu sun fi ƙarfinsa. Sai na zama idonsa. Ni ke karanta masa takarda, ni ke duba lambar da tef ya nuna in faɗa masa, shi kuma ya ja layi da alli. Tef ɗin awon ma, wani mai launin ruwan ƙwai da gefensa ya fashe, a jakata yake kwana. 'Yan gari sun yi surutu har sun gaji, wai budurwa da hijabi a tsakiyar ƙarafa. Amsar Baba ɗaya ce ga kowa: "Surayya ba ta taɓa karanta mini ba daidai ba." Ni kuwa duk lokacin da ya faɗi haka sai kaina ya ƙara girma.

A garejin nan na haɗu da Mudassiru. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma in yana magana a hankali yake yi kamar ba direba ba. Shekara shida ya yi yana tuƙa motar wani, sannan shi da baffansa, Baffa Dattijo, suka haɗu suka sayi tsohon kan tirela. Baba yana son Mudassiru. Inno, mahaifiyata, ba ta taɓa sonsa ba. Ita Salim take so in aura, ɗan ƙawarta da ke koyarwa a Dawakin Kudu, mai guga a riga da biro a aljihu. Kullum ina shara tana bina da magana.

"Direba fa, Surayya. Mijin titi. Kina nan da ciki yana Ikko, kina haihuwa yana Fatakwal."

"Inno, ai yana dawowa."

"Yana dawowa ya canza riga."

Ba ta hana ba, don Baba ya riga ya amsa wa mutane, amma ba ta taɓa fasa ambaton Salim ba, ko da a kan gishirin miya ake magana.

To ga ranar da abin ya faro. Farkon shekarar 2007 ne, wata Talata bayan la'asar. Mudassiru yana so Baba ya ƙera masa bodi mai ƙafa hamsin da biyu maimakon arba'in da aka saba, don ya riƙa ɗaukar kwanduna da yawa a tafiya ɗaya. Baba ya ce ba zai taɓa ƙarfe ba sai ya ji abin da doka ta ce. Shi ne Mudassiru ya je ofishin ƙungiyarsu ta direbobi ya samo kwafin shafin da ya yi bayanin tsawon manyan motoci, gaba ɗaya da Turanci. Shi karatunsa na boko bai wuce firamare ba, saƙon waya ma da Hausa yake rubuta mini.

Ni kuma na san zai zo. Sai na saka atamfata koriya mai zanen ganye, na ja kwalli, na ɗora sabon hijabi ruwan toka wanda ko wanki bai taɓa gani ba. Ku faɗa mini gaskiya, wa ke zuwa garejin walda da irin wannan shiga don karatu kawai?

Baba ya miƙo mini takardar. Mudassiru ya jingina da tayar mota ya harɗe hannu yana kallona, yana murmushi. Na gyara murya, na karanta layukan farko da Turanci da ƙarfi, ina murɗa harshe yadda malamarmu ta Turanci take yi, ba don Baba yana ji ba, sai don wancan na jikin tayar ya ji. Na ga lambar, mita goma sha takwas da ɗoriya, wato ƙafa sittin.

"Baba, sun ce tsawon tirela kada ya wuce ƙafa sittin."

"Tirela suka ce?"

"Tirela suka ce."

"To ai da sauran ƙafa takwas ma," in ji Baba. "Bismillah."

Akwai wasu layuka biyu a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, inda tawadar ta ɗan dushe. Na gan su. Amma a daidai lokacin Mudassiru ya ce, "Kai, Malama kenan," ni kuma na ninke takardar ina rufe fuska da gefen hijabi, na jefa ta cikin jaka kusa da tef.

Sati biyar Baba ya yi a kan bodin nan. Ya ce aikin gida ne, don haka kowane haɗi da hannunsa ya yi. Ni na riƙe tef, ni na faɗi hamsin da biyu, shi ya ja alli. Da aka gama aka shafa masa fenti shuɗi, aka rubuta "Sai Haƙuri" a baya, mutane har tsayawa suke yi su kalla. A satin ne kuma dangin Mudassiru suka kawo lefe, akwati huɗu. Aka jera su a ɗakin Inno bayan gado, aka rufa musu zanen gado. Inno ta ɗaga leshin da ke sama ta duba da kyau, ta taɓe baki ta ce ba laifi, wanda a bakin Inno wannan babban yabo ne. Saura sati uku ɗaurin aure.

Lodin farko a Kwanar Gafan aka yi shi, lokacin da tumatirin rani ya cika kasuwa. Manoman Bunkure ne suka haɗa kayansu, cikinsu har da Kawu Lukmanu, ƙanen Inno, wanda ya zuba duk abin da ya tsinka a makon, wai don ya sa wa surukinsa albarka. Motar ta tashi ranar Asabar da hantsi. Ina da 'yar wayata mai tocila da Mudassiru ya saya mini, ina ɓoye ta a cikin kwanon da nake ajiye ɗankunne. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Slm Malama. Mun wuce Zariya lfy. Motar tana tafiya kamar amarya." Na karanta shi ya fi sau goma.

Washegari da safe ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa a faifai, wayar ta yi ƙara a ƙarƙashin cinyata.

"An tare mu bayan Kaduna. Masu duba manyan motoci ne. Sun auna motar. Kar ki faɗa wa Baba tukuna."

Ban ma damu ba, wallahi. Na rubuta masa cewa su auna su ƙara aunawa, aikin Baba ne. Har da dariya na yi. Bayan kamar rabin awa wani saƙon ya shigo.

"Sun ce ƙafa sittin da huɗu ce. Ta wuce doka da ƙafa huɗu. Ba za ta motsa ba sai an yanke bodin."

Faifan ya zame daga cinyata, shinkafa ta watse, kaji suka yo kanta. Inno ta leƙo daga madafi tana tambayar ko aljanu ne suka taɓa ni. Sittin da huɗu daga ina? Ni da hannuna na riƙe tef ɗin nan.

Kwana uku motar ta yi a gefen titi cikin rana. Wanda ya san tumatir ya san abin da kwana uku ke nufi. Kafin a samo ƙananan motocin da za su kwashe, ruwa ya fara ɗiga daga kwanduna, ƙudaje sun taru, abin da aka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Labari kuwa ya riga Mudassiru isowa gida. Kawu Lukmanu ya zo a kan babur, ko sallama bai gama ba ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Bai zagi kowa ba, kuma da ya yi zagin da ya fi mini sauƙi. Inno ta kai masa ruwa ya ƙi sha.

A gari kuma magana ɗaya ake yi, a wurin mai shayi da bakin masallaci da injin casar shinkafa. Wai Malam Badamasi da ke korar mutane da wa'azin doka, ashe dokar ta bare ce, da aka zo kan surukinsa sai tef ya miƙe. Wani mai mota da Baba ya taɓa hana wa ƙari ya zo har gareji ya tsaya yana tambaya da dariya ko yanzu an buɗe layin dogaye ne ya kawo tasa. Ranar Baba ya dawo gida tun kafin azahar, abin da ban taɓa gani ba. Aka kai masa tuwon shinkafa da miyar taushe, aka ɗauko kwanon yadda aka kai shi.

Da ya kira Mudassiru a waya ina tsaye a bakin ƙofa. Ya tambaye shi yadda aka yi hamsin da biyu ta zama sittin da huɗu. Abin da kawai na jiyo daga wayar shi ne, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne." Baba ya sake tambaya, ya sake ba shi amsar nan. Sai Baba ya kashe wayar, ya ce yanzu ya gane. Yaron nan ya san ba zai yarda ba, shi ya sa ya je aka buga masa takardar ƙarya ya kawo, ya sa 'yarsa ta karanta masa da bakinta. Ya ce zai iya yafe asarar ƙarfe da wahalar sati biyar, amma ba zai ba mayaudari 'yarsa ba.

Inno ba ta ce "na faɗa muku" ba. Tashi kawai ta yi ta yaye zanen gadon da ke kan akwatunan, ta fara jawo su tsakar ɗaki ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko akwai abin da aka taɓa. Ta ce in kawo turaren da na ɗauka a ciki. Na kawo, ban ko buɗe shi ba. Da yamma na ji ta tana tambayar maƙwabciyarmu ko har yanzu Salim yana zuwa gida ranar Juma'a.

Ranar Alhamis Mudassiru ya dawo Kura, bayan an yanke bodin a can an sake shi. Bai zo gidanmu ba. Saƙo ya turo, gajere.

"Takardar nan tana wurinki? Ki ƙona ta."

Jama'a, a nan ne na ji zuciyata ta tafasa. Ashe gaskiyar Baba ce. Ashe takardar ƙarya ce, yanzu kuma yana so in ɓatar masa da shaida. Na shige ɗaki na rufo ƙofa, na zazzage jakata a kan katifa, tef ya faɗo, takardar ta biyo shi, a ninke yadda na bar ta. Na buɗe ta ina huci, ina neman inda ƙaryar take don in kai wa Baba. Na karanta daga sama, a hankali wannan karon, tun da babu mai kallona. Na zo kan ƙafa sittin. Na sauka kan layuka biyun nan na ƙasa, na matsa kusa da taga don in gani sosai.

Cewa suka yi, tsawon da ake nufi shi ne na motar gaba ɗaya, kai da bodi a haɗe, daga hancin kai zuwa ƙarshen wutsiya.

Na sake karantawa. Na sake. Na zauna a ƙasa a kan siminti.

Ku gane abin da ya faru. Ni da ku, in mun ce tirela, muna nufin duk motar da ta wuce a titi. Amma a bakin maƙerin bodi, tirela ita ce abin da ake ja kawai, abin da yake ƙerawa. Gaban motar sunansa kai, kuma ba ya cikin lissafinsa. Shekara biyar ina garejin nan, na san haka kamar yadda na san sunana. Shi ya sa Baba ya tambaye ni, "Tirela suka ce?" Tambaya ce ta mai sana'a, yana so ya ji ko bodi kaɗai ake nufi. Ni kuma na amsa masa ina kallon wushiryar Mudassiru. Kan motar ya ƙara ƙafa goma sha biyu a gaba, ga sittin da huɗu ta fito cif.

Na ɗauko wayar na rubuta masa: "Ka sani?"

"Jami'in ya buɗe littafinsu ya nuna mini layin, ya fassara mini da Hausa. Shafi ɗaya ne da namu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Gara a ce ni ne. Ni surutu zai wuce ni, in hau mota in bar gari. Ke fa? Baba ba shi da ido sai ke. Ki ƙona ta pls. Zan bi shi da haƙuri har ya huce."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Mutumin da na gama zagi a zuciyata minti biyar da suka wuce, ashe kwana huɗu yana ɗauke da kayana a kansa, ana ce masa mayaudari yana cewa a yi haƙuri. Kuma bai san Baba ba kamar yadda na san shi. Baba ba ya hucewa a kan ƙarya.

Na fita da takardar a dunƙule cikin hannu har bakin murhu. Inno ta ɗora ruwan tuwo, wuta tana ci sosai. Na tsuguna kamar mai gyara itace. Idan na jefa ta, ni na tsira, Baba zai ci gaba da cewa ban taɓa karanta masa ba daidai ba, akwatuna kuma su koma inda suka fito. Idan na ajiye ta, gari zai ji cewa duk tumatirin Bunkure a bakina ya ruɓe. Na daɗe a tsugune har hayaƙi ya sa ni tari. Ba zan ce muku jarumta ce ta hana ni ba, hannuna ne kawai ya ƙi buɗewa. Na miƙe na mayar da ita jaka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a zaurenmu. Baffa Dattijo ya zo da Mudassiru, Kawu Lukmanu yana gefe, akwatuna huɗu kuma suna jere a bakin ƙofa an ɗaure su da igiya. Ina cikin gida ina jiyo muryar Baffa Dattijo yana cewa shi bai yarda ɗansu ya buga takardar ƙarya ba, a kawo ta a gani. Sai na ji Baba ya ɗaga murya ya kira sunana.

Na saka hijabin nan ruwan toka, don shi ne a kusa, na rataya jakata na shiga na durƙusa na gaishe su. Mudassiru ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idonsa a kan tabarma. Baba ya ce in fito da takardar in karanta wa mutane abin da na karanta masa, su ji irin abin da aka kawo masa gida.

"Da ƙarfi, Surayya," ya ce. "Kar ki tsallake komai."

Mudassiru ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan yadda ni kaɗai zan gani.

Ban fara daga sama ba. Layuka biyun ƙasa na fara karantawa, ba murɗa harshe, sannan na fassara su da Hausa kalma bayan kalma. Na ce takardar gaskiya ce, babu abin da aka canza a cikinta. Na ce ranar nan na ga layukan, ban karanta su ba.

Kawu Lukmanu ya saki baki yana kallona. A bayan labule na ji Inno ta yi salati a hankali.

"Sake karantawa," in ji Baba.

Na sake.

Bai dube ni ba. Wajen Mudassiru ya juya. "Kai ka san da wannan?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka tare mu."

Baba ya cire hularsa ya riƙe ta a hannu. Sannan, a gaban kowa, mutumin da ban taɓa jin ya ba yaro haƙuri ba ya ce wa Mudassiru ya yafe masa, ya zalunce shi. Ya ce a kwance igiyar akwatunan a mayar da su ciki.

Baffa Dattijo ne ya ɗaga hannu. Ya ce a dakata, a bar su a inda suke. Ya ce kwana biyar ana jan sunan gidansu a ƙasa, mahaifiyar yaron nan, Hajiya Tambaya, ko ƙofar gida ba ta iya fita. Yanzu da gaskiya ta fito, ba mu ne za mu ce a mayar ko a fitar ba. Zai je ya faɗa mata wadda ta jawo wannan duka, abin da ta ce shi za a yi. Ya miƙe ya saka takalmansa, ya ce wa Mudassiru ya wuce su tafi. Kawu Lukmanu ya bi bayansu.

Aka bar ni da Baba da akwatuna huɗu a ɗaure. Ina durƙushe ina jira ya yi faɗa, ko ya zage ni, ko ma ya ɗaga hannu, duk na shirya. Ya mayar da hularsa a hankali, ya miƙo mini tafin hannunsa.

"Surayya, ba ni tef ɗina."

Na buɗe jakar na ɗauko na sa masa a hannu. Ya shafa gefen da ya fashe da babban yatsa, ya zura shi a aljihun rigarsa, ya fita.